Lauya ko masanin tattalin arziki: ta wace ƙofa za a shiga karatun dokar gasar kasuwanci?

Dokar gasar kasuwanci fanni ne guda, amma a jami'a ƙofofinsa biyu ne. Ɗaya tana tsangayar shari'a, ɗaya tana sashen tattalin arziki. Ɗaliban ɓangarorin biyu za su karanta shari'o'i kusan iri ɗaya, wata rana ma su zauna a teburi guda a kan fayil guda, amma aikin da za a ɗora wa kowannensu daban ne, kuma wanda ya yi nisa a ɗaya ba ya tsallakawa zuwa ɗayar cikin sauƙi. Bayan wannan akwai zaɓi na biyu da ɗalibai suka cika yi wa riƙon sakainar kashi, wato ko tsarin Amurka za a koya ko na Tarayyar Turai.

Ko ta ina aka shiga, abubuwa uku za a tarar. Na farko haɗin baki tsakanin kamfanonin da ya kamata su yi gasa: su tsayar da farashi, su raba kasuwa, ko su shirya wanda zai ci kwangila. Na biyu babakere, inda kamfani ɗaya mai rinjaye ke amfani da ƙarfinsa ya toshe wa wasu hanya. Na uku haɗewar kamfanoni, wanda hukuma kan duba tun kafin a ƙulla. A Turai ana ƙara na huɗu, tallafin da gwamnati ke ba kamfanoni, wanda babu kwatankwacinsa a dokar tarayyar Amurka.

Abin da ɗalibin shari'a ke yi

Hanyar da aka saba ita ce digirin farko na shari'a, sannan digiri na biyu da ake kira LLM, mai shekara ɗaya a Ingila da yawancin ƙasashen Turai. King's College da UCL a Landan da Kwalejin Turai da ke Buruj ta Beljiyam suna cikin wuraren da aka san su da fannin. A Amurka, shari'a ana karanta ta ne bayan an yi wani digirin, shekara uku, kuma dokar gasa darasi ne da ɗalibi ke zaɓa a cikinta.

Nassin dokar gajere ne ƙwarai. Sashe na 1 da na 2 na Dokar Sherman ta Amurka ta 1890 ba su cika shafi ba. Sashe na 101 da na 102 na yarjejeniyar Tarayyar Turai, waɗanda asalinsu sashe na 85 da 86 ne a Yarjejeniyar Rum ta 1957, su ma ana karance su cikin minti biyar. Duk nauyin yana cikin hukunce-hukuncen kotu, saboda haka mako bayan mako aikin ɗalibi shi ne karanta hukunci mai tsawo, ya tsamo sakin layi biyu ko uku da suka kafa ƙa'ida, sannan ya gano inda hukuncin baya ya sassauta su.

Ga misalin irin tambayar da ake horar da shi a kai. Kamfanoni biyar sun ƙara farashi a mako ɗaya, da adadi ɗaya. Haɗin baki ne? A shari'ar masu sarrafa katako don yin takarda, a 1993, Kotun Turai ta ce tafiyar farashi bai ɗaya ba hujja ba ce, sai in babu wani bayani mai ma'ana da ya rage illa haɗin baki. A kasuwar da kamfanoni kaɗan ne kuma kowa yana ganin farashin kowa, bin sawun juna na iya faruwa ba tare da an ko gaisa ba. To aikin lauya shi ne neman abin da ya wuce wannan: saƙon waya, rubutu a littafin ajiye alƙawari, taro a otal bayan taron ƙungiyar 'yan kasuwa, shaidar wani da ya tuba.

A nan ne ɓangaren da ɗalibai ke rainawa yake, wato ƙa'idojin bincike da gudanarwa, kuma shi ne abin da lauya zai fi ci da shi a shekarunsa na farko. Jami'an hukuma sun yi sumame da safe a ofishin kamfani: wace takarda za su iya ɗauka, wace ce sirrin lauya da wanda yake wakilta ya kāre? A shari'ar Akzo Nobel ta 2010, Kotun Turai ta ce shawarar lauyan da ke kan albashin kamfani ba ta da wannan kariya a binciken Hukumar Tarayyar Turai. An ci tarar kamfanin E.ON yuro miliyan 38 a 2008 saboda hatimin da jami'ai suka manna a ƙofar wani ɗaki ya ɓalle. An ci tarar kamfanin Altice yuro miliyan 124.5 a 2018 don ya fara juya kamfanin da yake saye kafin hukuma ta ba da izini. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar lissafi mai zurfi, amma kuskure a cikinsu ya fi kuskuren nazari tsada.

Haka kuma tsarin afuwa. Amurka ta gyara nata a 1993, Turai ta fito da nata a 1996: wanda ya fara kai rahoton haɗin bakin da yake ciki, ya kawo hujja, ana yafe masa tara. A shari'ar masu ƙera manyan motoci, haɗin bakin ya ɗauki shekara 14, daga 1997 zuwa 2011. A 2016 aka ci tarar yuro biliyan 2.93, kamfanin MAN kuwa bai biya ko sisi ba domin shi ya tona. Scania da ya ƙi sasantawa an ci tararsa yuro miliyan 880 a 2017. Shawarar a ruga hukuma yau ko a jira gobe, alhali ba a san ko wani ya riga ya isa ba, kuma afuwar ba ta hana waɗanda aka cuta neman diyya, irin shawarar da ake biyan lauyan wannan fanni ya bayar ke nan.

Inda ɗalibin shari'a ke tuntuɓe shi ne idan ya haddace ƙa'ida bai san dalilinta ba. Zai iya kawo cewa a shari'ar AKZO ta 1991 an ce kason kasuwa na kashi 50 cikin 100 alama ce ta rinjaye, amma in aka tambaye shi kashi 50 na wace kasuwa, sai ya tsaya. Sannan a sani, LLM ba lasisin aikin lauya ba ne. Kowace ƙasa tana da sharuɗɗanta na shiga sana'ar, kuma ya kamata a bincika su tun kafin a biya kuɗin makaranta.

Abin da ɗalibin tattalin arziki ke yi

Wannan tambaya ta "wace kasuwa" ita ce darasin farko a ɗaya ƙofar. Ana shiga da digirin farko na tattalin arziki, ko lissafi, ko ƙididdiga, sannan digiri na biyu na shekara ɗaya ko biyu a reshen da ke nazarin tsarin masana'antu da halayyar kamfanoni. Makarantar tattalin arziki ta Tulus a Faransa, inda Jean Tirole yake, wanda ya samu kyautar Nobel a 2014 a kan nazarin ƙarfin kasuwa, tana kan gaba. Ta Barsalona tana da digiri na musamman kan gasa da sa ido a kasuwanni. Jami'ar East Anglia a Ingila tana da cibiyar da ta haɗa lauyoyi da masana tattalin arziki.

Darussan suna farawa da samfuran Cournot na 1838 da Bertrand na 1883, ɗaya yana ɗaukar kamfanoni suna gasa a yawan kaya, ɗaya a farashi, sai nazarin dabarun 'yan takara, sai ikonometiriks, wato auna alaƙar abubuwa daga alƙaluma. Dole a iya kalkulas da aljabara, a kuma iya sarrafa bayanai da manhajojin kwamfuta irin su Stata ko R ko Python. Wanda ya baro lissafi tun sakandare, ya kuma yi murna da rabuwar, kada ya yaudari kansa.

Bari mu nuna aikin da lambobi, don mai zaɓi ya ji ko ransa na so. Ma'aunin Herfindahl da Hirschman, HHI a taƙaice, ana samunsa ne in aka ninka kason kowane kamfani da kansa aka tara. Kasuwa mai kamfanoni huɗu, 30, 30, 20 da 20, tana ba da 900 + 900 + 400 + 400, wato 2,600. In ƙananan biyu suka haɗe, 400 da 400 sun koma 1,600, jimilla 3,400, ƙarin 800. Jagorar haɗewar kamfanoni ta Amurka ta 2023 tana zargin haɗewar da ta bar kasuwa sama da 1,800 tare da ƙarin da ya haura 100. Ta 2010 kuwa ta sa iyakar a 2,500 da ƙarin 200. Wannan lissafi ɗan firamare ma zai yi shi. Wahalar tana wajen tantance su wa za a ƙirga a cikin kasuwar.

Don haka ake da gwajin SSNIP, wanda jagorar Amurka ta 1982 ta yaɗa. A ɗauka kamfani ɗaya ne ya mallaki duk wannan kaya: in ya ƙara farashi da kashi 5 zuwa 10 ya bar shi haka, zai ci riba ko masu saye za su gudu zuwa wani kayan? A ce farashi 100 ne, kuɗin samar da kowane guda 60, riba 40, ana sayar da guda 1,000, ribar duka 40,000. An ƙara farashi zuwa 105, riba ta zama 45. Don a tsaya a 40,000 ana buƙatar sayar da guda 889 kacal. Ke nan in masu sayen da za su gudu ba su kai kashi 11 cikin 100 ba, ƙarin ya biya, kuma kayan kasuwa ne mai zaman kansa. In sun haura, sai a faɗaɗa kasuwar a sa kayan da suka gudu zuwa gare shi, a sake gwadawa. Gano adadin waɗanda za su gudu da gaske, daga bayanan ciniki na shekaru, shi ne ainihin aikin, kuma yakan ci watanni.

Akwai tarko a cikin gwajin, kuma Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta faɗa ciki a 1956. Kamfanin du Pont yana da kusan kashi 75 na selofen, takardar naɗe kaya mai sheƙi, amma selofen bai kai kashi 20 na duk kayan naɗi ba. Kotu ta ga masu saye suna komawa wasu kayan in farashi ya tashi, sai ta ce kasuwar mai faɗi ce, babu babakere. Abin da ya kuɓuce mata shi ne mai babakere ya riga ya kai farashi ƙololuwar da in ya ƙara mutane za su gudu, don haka gudun nasu alamar ƙarfinsa ne. Turai ma tana da nata abin muhawara: a shari'ar United Brands ta 1978 an ware ayaba a matsayin kasuwa daban da sauran 'ya'yan itace, har da hujjar cewa tana da laushi, ta dace da yara ƙanana da tsofaffi da marasa lafiya. Masana tattalin arziki sun daɗe suna sukar wannan, domin mai sayarwa ba ya iya ware wa marasa haƙori farashi daban.

Sauran babban aikin shi ne ƙiyasta diyya. An tabbatar da haɗin baki, to nawa aka zalunci mai saye? Ana kwatanta farashin lokacin haɗin bakin da na kafinsa da na bayansa, ko da na wata ƙasa da abin bai shafa ba, a cire tasirin tsadar ɗanyen kaya da canjin kuɗi da faɗuwar buƙata. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ranar da aka kama su a matsayin ranar da farashi ya dawo daidai, alhali yakan jima bai sauko ba, sai ƙiyasin ya fito ƙasa da gaskiya.

Rauninsu kuma sananne ne: rahoto mai cike da alamomin lissafi wanda alƙali ba zai iya bi ba, ko samfuri da ya tsaya a kan zato ɗaya da lauyan ɗaya ɓangaren zai rushe da tambaya biyu.

Wa ke buƙatar wa

A da lauyoyi ne ke da fagen, musamman a Turai. A 2002 kotu ta soke hukuncin Hukumar Tarayyar Turai na hana haɗewar kamfanoni sau uku a shekara ɗaya, a shari'o'in Airtours da Schneider da Tetra Laval, saboda raunin hujja da nazari. A 2003 hukumar ta ƙirƙiro muƙamin babban masanin tattalin arziki a sashen gasa. Shari'ar Intel ta ƙara ƙarfafa wannan: an ci tarar yuro biliyan 1.06 a 2009 kan rangwamen da yake ba masu saye, amma a 2017 Kotun Turai ta ce in kamfani ya kawo hujjar tattalin arziki cewa rangwamensa bai isa ya kori abokin gasa ba, dole a duba ta. Tun daga nan babu babbar shari'a da ake shiga ba tare da ɓangarorin biyu ba.

Lauya yana da kasuwar aiki mafi faɗi: ofisoshin lauyoyi, hukumomi, sashen shari'a na kamfanoni, kuma in fannin gasa bai karɓe shi ba yana iya komawa dokar kamfanoni ko kwangila. Masanin tattalin arziki ƙofofinsa kaɗan ne, hukumomin gasa, hukumomin sa ido kan lantarki da sadarwa, da kamfanonin ba da shawara irin su Compass Lexecon, Charles River Associates, RBB, NERA da Oxera, sai dai masu neman gurbin ma ba su da yawa. Wanda ke son ya zama shi ne ƙwararren da ke ba da shaida a kotu, musamman a Amurka, galibi sai ya kai ga digirin digirgir.

Wasu kan ce za su haɗa biyun. Taura biyu ba ta taunuwa, aƙalla ba a shekara ɗaya ba. Digirin da aka yi wa laƙabi da "shari'a da tattalin arziki" yana da amfani ga lauyan da ke son ya fahimci rahoton ƙwararru, amma ba ya mayar da shi mai iya gudanar da ikonometiriks, kuma ba ya ba masanin tattalin arziki izinin tsayawa a kotu. A ganinmu abin da ya fi shi ne a ƙware a ɗaya, a ɗauki darasi ɗaya ko biyu masu nauyi daga ɗayan. Kuma a lura, masanin tattalin arziki yana iya koyon shari'o'in a bakin aiki, lauya kuwa da wuya ya koyi lissafin bayan ya fara aiki. Wanda ke da ƙarfin lissafi kuma bai damu da rigar lauya ba, wannan dalili ne mai nauyi.

Amurka ko Turai

Bambancin ba na suna ba ne kawai. A Amurka hukumomi biyu ne, Ma'aikatar Shari'a da Hukumar Kasuwanci ta Tarayya da aka kafa a 1914, kuma don hana haɗewa sai sun je kotu sun shawo kan alƙali. Haɗin baki laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa har shekara 10, kuma wanda aka cuta yana karɓar diyya ninki uku, shi ya sa ƙararrakin 'yan kasuwa da masu saye suka fi na gwamnati yawa nesa ba kusa ba. A Turai hukumar da ke Burasels ita ke bincike, ita ke yanke hukunci, ta ci tarar da za ta iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya, sannan a ɗaukaka ƙara zuwa kotu.

A kan babakere ma sun rabu. Tun bayan littafin masanin shari'a Robert Bork na 1978, kotunan Amurka suka karkata ga tambaya ɗaya, ko mai saye ya cutu. A shari'ar Brooke Group ta 1993 an ce karya farashi don kashe abokin gasa ba ya zama laifi sai an nuna kamfanin zai iya mayar da asararsa daga baya. Turai ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Tsawwala farashi kansa na iya zama laifi a ƙarƙashin sashe na 102, a Amurka kuwa shari'ar Trinko ta 2004 ta ce ba laifi ba ne. Tilasta wa dillali mafi ƙarancin farashin sayarwa, Amurka ta sassauta a shari'ar Leegin ta 2007, Turai har yanzu tana ɗaukarsa babban laifi. A 2001 Amurka ta amince General Electric ya sayi Honeywell, Turai ta hana, cinikin ya mutu. Ko da yake iska tana sauyawa: a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere a binciken intanet, wata guda kafin Kotun Turai ta tabbatar da tarar yuro biliyan 2.42 da aka ci kamfanin tun 2017.

Ga masanin tattalin arziki wannan zaɓi bai da nauyi sosai, lissafin ɗaya ne a ko'ina. Ga lauya kuwa yana da shi. Ƙasashe sama da ɗari suna da dokar gasa yanzu, kuma mafi yawansu sun fi kama da tsarin Turai: hukuma mai bincike da tara, da hani ga cin zali da rinjaye. Dokar Birtaniya ta 1998 kusan kwafin sashe na 101 da na 102 na Turai ce. Dokar Sin da ta fara aiki a 2008, ta Afirka ta Kudu ta 1998 da ta Nijeriya ta 2018 duk suna amfani da ma'anar rinjaye. Wanda ba a Amurka zai yi aiki ba, tsarin Turai zai fi yi masa rana, ya ƙara da darasi ɗaya na Amurka domin yawancin muhawarar daga can take tasowa. Sai dai ya san ƙasashe suna da nasu ƙari: Afirka ta Kudu, alal misali, tana auna tasirin haɗewa a kan ayyukan yi da ƙananan 'yan kasuwa, abin da ba a cika koyarwa a Turai ba.

Kafin a cika takardar neman gurbi, a nemi jerin darussan shekarar da za a shiga, ba na talla ba. Jami'o'i da dama suna rubuta darasin haɗewar kamfanoni ko na kasuwannin intanet a kundinsu, sai an je a tarar malamin yana hutun bincike. A ƙirga darussan da suka shafi gasa kai tsaye. In ɗaya ne tak, wannan digirin dokar kasuwanci ne kawai da aka yi wa kwalliya. A duba ko manhajar ta ƙunshi dokar kasuwannin dijital ta Turai ta 2022, wadda ta ɗora wa manyan dandamali sharuɗɗa tun kafin su yi laifi. A ɓangaren tattalin arziki, a tambaya ko ɗalibai suna aiki da bayanan ciniki na gaske ko kuwa allo da alli ne kawai, kuma ko akwai darasin share fage na lissafi kafin zango ya fara.

Ga wanda har yanzu yake wasiwasi, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Hukunce-hukuncen haɗewar kamfanoni na Hukumar Tarayyar Turai suna intanet kyauta. A sauke wanda ya hana Siemens haɗa harkar jiragen ƙasa da Alstom a 2019, a ware masa yini guda. A karanta ɓangaren da ke fayyace kasuwa da kason kowane kamfani da nazarin kwangilolin da suka yi takara a kai, sannan a karanta ɓangaren da ke bayanin matakan bincike da dalilin ƙin karɓar gyaran da kamfanonin suka miƙa. A rubuta tambayoyin da suka taso a kowane ɓangare, a ga wanne ya fi yawa, sannan a nemi wani malami a tsangayar da abin ya nuna a kai masa su kafin ranar rufe karɓar takardu.